TARIHI: Kinnier Wilson, likitan ƙwaƙwalwa da ya bankaɗo ɓoyayyiyar cutar hanta

A ranar 12 ga Mayu, 1937, hankalin Birtaniya gaba ɗaya yana kan bikin naɗin Sarki George na Shida a birnin Landan. A wannan rana ce, kuma a cikin wannan birni, wani likita mai shekara 58 ya rasu bayan fama da ciwon daji. Sunansa Samuel Alexander Kinnier Wilson. Har gobe duk ɗalibin likitanci sai ya ci karo da wannan suna, domin da shi ake kiran wata cuta ta gado da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa a lokaci guda, wato cutar Wilson.

Wilson dai ba likitan hanta ba ne. Fanninsa shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Marasa lafiyar da suka sa ya yi suna kuwa babu wanda ya zo asibiti da kukan ciwon ciki. Karkarwa da sarƙewar harshe ne suka kawo su. Yadda ya bi sawun ciwon nasu tun daga kai har zuwa hanta shi ne ya sa tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi.

Maraya daga New Jersey

An haifi Wilson ranar 6 ga Disamba, 1878, a garin Cedarville na jihar New Jersey a Amurka. Mahaifinsa limamin coci ne ɗan asalin ƙasar Ireland, ya kuma rasu sakamakon zazzaɓin cizon sauro lokacin da yaron bai wuce shekara ɗaya ba. Daga nan mahaifiyarsa ta kwashe iyalin ta koma Edinburgh a Scotland, inda danginta suke. A can ya tashi, ya yi makarantar George Watson, sannan ya shiga Jami'ar Edinburgh, ya kammala karatun likitanci a 1902.

Aikinsa na farko a ƙarƙashin Byrom Bramwell ya yi shi, a babban asibitin Edinburgh, kuma wannan malami ne ya cusa masa son fannin jijiyoyi. Ya tafi Paris ya zauna gaban Pierre Marie da Joseph Babinski, ya kuma leƙa Leipzig a Jamus wajen Paul Flechsig, masanin tsarin ƙwaƙwalwa. A 1904 ya samu aiki a Asibitin Ƙasa na cututtukan jijiyoyi da ke dandalin Queen Square a Landan, inda manyan fannin irin su Hughlings Jackson da William Gowers da Victor Horsley suke. Ya fara a matsayin ƙaramin likitan ɗaki, daga baya aka damƙa masa ajiye bayanan marasa lafiya da binciken gawa. Wannan haɗin aiki biyu ya ba shi damar da ba kowa ke samu ba: ya ga mutum yana raye yana fama, ya kuma ga abin da ke cikin jikinsa bayan ya cika.

Matasan da aka kasa gane ciwonsu

A waɗannan shekaru ne ya haɗu da matasa huɗu masu wani ciwo iri ɗaya, biyu daga cikinsu 'yan'uwan juna. Dukkansu sun tashi lafiya lau, sai a hankali hannu ya fara rawa, rubutu ya lalace, magana ta daina fita sosai. Haɗiyar abinci ta zama aiki, yawu yana dalala, baki a buɗe da wani murmushi da ba ya gushewa ko da ba abin dariya. Gaɓoɓi suka sandare, jiki ya rame, hali ya canza, har ajali ya zo. Likitocin zamanin kan ɗauki irin wannan a matsayin taɓin hankali ko ruɗun tunani, ko su jingina shi ga wata cutar jijiyoyi da aka riga aka sani.

Wilson ya lura da wani abu da ya koya a Paris. Babinski ya nuna cewa idan babbar hanyar da ke kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ta lalace, to da an sosa tafin ƙafar mutum sai babban yatsa ya ɗaga sama. A wajen waɗannan matasa yatsan bai ɗaga ba. Ashe babbar hanyar lafiyarta ƙalau, ɓarnar tana wani wuri dabam. Ya ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru, yana rubuta duk abin da ya gani, yana ɗaukar hotunansu, har uku daga cikinsu suka rasu ya binciki gawarwakinsu.

A cikin ƙwaƙwalwa ya tarar da abin da yake zato. Can ƙasa a tsakiyarta, dama da hagu, akwai wani curi mai siffar ƙwayar wake wanda ke daidaita motsin jiki. Ya same shi ya yi laushi, ya zagwanye, wani wurin har ya yi kogo. Abin da ya fi ɗaukar hankali yana cikin ciki. Hantar kowannensu ta ƙanƙance, ta yi tauri, ta yi ƙulu-ƙulu, irin lalacewar da aka saba gani a jikin wanda ya daɗe yana shan barasa. Alhali waɗannan matasa ne da ba su sha, ba su kuma ɗauke da ciwon tunjere, wanda a lokacin ake yawan ɗora wa alhakin irin wannan. Ban da shawara da wasunsu suka taɓa yi shekaru a baya ta wuce, hantar ba ta nuna wata alama a fili ba sa'ad da suke jinya.

Kundin 1912

Wani likitan da ya rubuta wannan a matsayin haɗuwar cututtuka biyu bisa tsautsayi. Wilson ya koma cikin tsofaffin mujallu da bayanan asibiti yana neman makamancinsa. Ya tarar Gowers ya taɓa bayyana wani yaro da 'yar'uwarsa masu irin wannan ciwo a 1888, Ormerod ya ba da labarin wani yaron a Landan, Homén kuma a Helsinki ya rubuta a kan 'yan gida ɗaya su uku. An ga lalacewar hanta a cikin waɗannan, amma ba a ɗauke ta a matsayin jigon al'amarin ba. Da ya haɗa nasa huɗu da na magabata, sai ya samu mutum 12, ya kuma yanke cewa cuta ɗaya ce mai zaman kanta: tana kama matasa, tana bin 'yan gida ɗaya, tana ci gaba ba tsayawa, kuma duk inda ta lalata ƙwaƙwalwa to hanta ma ta lalace.

Wannan bincike ne ya miƙa wa Jami'ar Edinburgh a matsayin kundin babban digirinsa na likitanci, aka ba shi lambar zinare. Mujallar Brain ta buga shi a 1912, ya cinye shafi fiye da 200, Wilson yana da shekara 33. A cikinsa ne ya yaɗa sunan da har yau ake kiran tsarin jijiyoyin da ke daidaita motsi a wajen babbar hanyar nan, tsarin da cutar Parkinson ma ke taɓawa. Game da musabbabi, ya yi hasashen cewa wata guba ce da ke da nasaba da hanta take zaɓar wannan curi na ƙwaƙwalwa ta lalata shi. Ya kafa hujja da shawara mai tsanani ta jarirai, wadda ita ma takan rina wasu sassa na can cikin ƙwaƙwalwa ta bar sauran. Bai san ko wace guba ce ba, amma alƙiblar da ya nuna daidai ce.

Inda ya yi kuskure

Akwai abubuwa biyu da suka kuɓuce masa. Na farko yana cikin ido. Tun a 1902 da 1903 likitocin ido biyu na Jamus, Bernhard Kayser da Bruno Fleischer, suka bayyana wani zobe mai launin ƙasa-ƙasa da kore-kore da ke kewaye gefen baƙin idon wasu masu karkarwa. Wilson bai ambaci wannan zobe a jikin marasa lafiyarsa ba, ya kuma daɗe bai ba shi muhimmanci ba. A yau zoben yana cikin manyan alamomin cutar, kuma ana samunsa a idon kusan duk wanda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa.

Na biyu shi ne batun gado. Da yake iyayen yaran lafiyarsu ƙalau, Wilson ya ɗauka cutar tana bin 'yan ɗaki ɗaya ne kawai ba tare da an gaje ta ba. A 1921 likitan Denmark H. C. Hall ya kawo hujjar cewa gadonta ake yi, binciken Alexander Bearn ya ƙara tabbatar da haka a 1960. Hanyar gadon iri ɗaya ce da ta sikila: uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwayar cutar guda ɗaya ba tare da ta dame shi ba, sai ɗan da ya haɗa biyun ya kamu. Kowane ciki da irin waɗannan ma'aurata suka samu, yiwuwar kamuwarsa ɗaya ce cikin huɗu.

Sauran rayuwarsa

Kundin ya buɗe masa ƙofofi. A 1912 ya samu muƙami a Asibitin Westminster, daga baya ya koma Asibitin King's College, inda ya zama babban likitan jijiyoyi a 1928, duk kuma yana riƙe da aikinsa na Queen Square. A 1913 ya auri Annie Bruce, 'yar likitan jijiyoyi Alexander Bruce na Edinburgh. A 1920 ya kafa mujallar nazarin cututtukan jijiyoyi da na tunani, ya riƙa shirya ta har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi rubutu a kan farfaɗiya, da ɗaukewar magana, da cutar yawan barci, da dariya ko kukan da ke ƙwace wa mutum ba da sonsa ba. A tsakiyar shekarun 1920 ya ɗauki marasa lafiya a fim domin koyar da ɗalibai yadda kowace irin karkarwa take, abin da bai zama ruwan dare ba a lokacin.

Waɗanda suka yi zamani da shi sun shaide shi da iya koyarwa da fasahar magana, har likitoci daga ƙasashe dabam-dabam kan cika ɗakin da yake darasi. Sun kuma shaide shi da kaifin harshe da ji da kai. An ruwaito cewa ya fi son a kira cutar da cikakken sunansa, Kinnier Wilson, maimakon dogon sunan da Hall ya raɗa mata. Ajali ya riske shi yana tsakiyar rubuta babban littafinsa na fannin jijiyoyi. Surukinsa Ninian Bruce ne ya kammala shirya shi, aka buga shi cikin juzu'i biyu a 1940. Ɗansa James Kinnier Wilson ya zama masanin rubuce-rubucen tsohuwar Babila a Jami'ar Cambridge.

Gubar da bai rayu ya gani ba

Wilson ya rasu ba tare da ya warkar da ko mutum ɗaya daga cutar ba. Shekara 11 bayan haka, a 1948, a asibitin nan dai na Queen Square, John Cumings ya auna hanta da ƙwaƙwalwar waɗanda ta kashe ya tabbatar da cewa sinadarin jan ƙarfe ne ya taru a cikinsu fiye da kima. Jiki yana buƙatar ɗan kaɗan na wannan sinadari, yana samunsa daga abinci, hanta kuma ita ke zubar da rarar ta cikin ruwan maɗaciya zuwa hanji. A jikin mai cutar Wilson wannan mafita a toshe take. Sinadarin yakan taru a hanta tun daga ƙuruciya, idan ta cika ya malala cikin jini ya sauka a ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda. Zoben Kayser da Fleischer shi ma jan ƙarfen ne ya kwanta a gefen ido.

Da aka san gubar, sai magani ya biyo baya. A 1951 aka gwada wata allura da aka ƙirƙira a Oxford lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin karya wata iskar guba, aka ga tana fitar da jan ƙarfe ta fitsari, sai dai tana da zafi ƙwarai. A 1952 Scheinberg da Gitlin suka gano cewa wani furotin da ke ɗaukar jan ƙarfe a jini yana raguwa a jikin masu cutar, wanda ya zama gwajin jini na farko. A 1956 John Walshe, ɗan wani abokin aikin Wilson a Queen Square, ya kawo ƙwayar penicillamine da ake haɗiya. Daga baya aka samu trientine da sinadarin zinc, wanda ke hana hanji tsotse jan ƙarfe, sannan dashen hanta ga wanda tasa ta gama lalacewa. A 1993 aka gano ƙwayar halittar da ke da alhakin cutar, aka sa mata suna ATP7B.

Ana ƙiyasta cewa cutar tana kama kusan mutum ɗaya cikin 30,000, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 5 zuwa 35. Wanda aka gano tasa da wuri, ya kuma riƙe magani har ƙarshen rayuwarsa, yana iya yin karatu, ya yi aiki, ya yi iyali kamar kowa. Wanda ba a gano ba, ita ce ajalinsa. Har yanzu kuwa babbar matsalar ita ce ganowar, domin cutar takan zo da kama daban-daban: wani yaron shawara ce da kumburin ciki, wani faɗuwa ce a makaranta da canjin hali, wata kuma rawar hannu ce da sarƙewar magana. A ƙasa irin Najeriya, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, abu ne mai sauƙi a jingina masa duk wata lalacewar hanta a tsaya nan, kamar yadda ake saurin kai matashin da halinsa ya canza wajen masu maganin iska. Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar haɗuwar ƙwayoyin gado irin waɗannan a jikin ɗa guda.

Gwaje-gwajen da ake fara yi sanannu ne: duba ido da fitilar likitan ido, auna furotin ɗin nan a jini, da auna jan ƙarfe a fitsarin da aka tara na awa 24. Idan an tabbatar da cutar a jikin mutum ɗaya, ana gwada dukkan 'yan'uwansa na ciki ɗaya ko da suna ganin lafiyarsu ƙalau. Amma kafin a kai ga gwaji sai an samu likitan da cutar za ta faɗo masa a rai, wanda zai ga matashi yana karkarwa ya tambayi lafiyar hantarsa, ko ya ga hanta ta lalace ba dalili ya duba idon mai ita. Wannan tambaya ce Wilson ya fara yi a Queen Square fiye da shekara 100 da suka wuce, da mutum 12 kacal a hannunsa.