Bature Mai Magani

Karatu: 1 Korantiyawa 15:9-10

Ɗan'uwana mai karatu, in kana zaune a unguwar Zongo ta Kwatano, ka san sunan unguwarku ya samo asali ne daga zangon fatake. Yau za mu ba ka labarin wani bawan Allah da ya ƙaunaci Hausawa mutanen zango da kasuwa har ƙarshen ransa. Sunansa Andrew Stirrett.

An haife shi a ƙasar Kanada a 1865. Mai sayar da magani ne a birnin Toronto, yana da kantuna da rufin asiri, yana kuma karatun likita. Sai ya karanta wani ɗan littafi na Rowland Bingham, shugaban mishan na SIM, a kan ƙasashenmu da bishara ba ta kai ba. Ka tuna, abokan tafiyar Bingham biyu, Gowans da Kent, sun mutu a Nijeriya a 1894. Stirrett ya san da haka. Duk da haka ya miƙa dukiyarsa ga aikin Ubangiji, ya kama hanya tun mishan ba ta gama karɓarsa ba. Ya iso Nijeriya a 1902, yana da shekara 37.

Dubi wannan mutum da kyau. Jiya maigida ne, yau ya koma ɗan koyo, yana tuntuɓe da Hausa kamar yaro, masu jinsa suna gyara masa. Wa a cikinmu yake son a gyara masa magana a gaban jama'a? Shi ya jure, har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya yi jinyar marasa lafiya, Hausawa suka laƙaba masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa tare da Dokta Miller na Zariya, wanda ya fito a 1932. Ya kuma rubuta waƙoƙin sujada.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne zamansa a Jos. Gajeren mutum ne. Kullum yakan tafi kasuwa, ya hau kan dutse don a gan shi, ya yi shelar Yesu Almasihu. Waɗansu su tsaya, waɗansu su wuce da kayansu. Washegari ya komo. Yawancin masu jinsa baƙi ne matafiya, ba zai ƙara ganinsu ba, balle ya san abin da maganar ta haifa a zuciyarsu. Wanda yake neman yabo ba zai daɗe a kan wannan dutse ba. Manzo Bulus ya ɗauki kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni, ya jingina dukan wahalarsa ga alherin Allah, kuma ina ganin a nan ne Stirrett ya sami ƙarfi.

Kai ma kana da maƙwabta Musulmi a Zongo, kuna gaisawa, kuna ciniki a kasuwa. Wataƙila tsoro ya rufe maka baki, ko kuwa kana magana da su kamar ka fi su. Stirrett ya fara koyon harshensu ya kuma duba ciwonsu, sa'an nan ya gaya musu abin da shi kansa ya karɓa kyauta.

Bai yi aure ba, bai kuma bar aiki ya koma zama a ƙasarsu ba. Ya rasu a Jos a 1948, bayan shekara 46 da isowarsa.