Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Gidan Sarautar Ingila

'Yan'uwana mata, sa'ad da Sarauniya Elizabeth ta mutu cikin watan Satumba na 2022 an yi ta muhawara a gidajenmu, daga Funtuwa har Malumfashi. Tsofaffinmu waɗanda suka yi ciniki da sulai mai kan Sarauniya sun nuna alhini, suna tuna zamanin da suke cewa kaya na da araha, ɓarawo kuma na tsoron hukuma. 'Yan makaranta kuwa cewa suke yi ina ruwanmu da gidan da ya ci ƙasar kakanninmu da bindiga. To, wannan gardama ta girmi dukanmu. Wanda ya fara ɗaukar nauyinta a ƙasar Katsina shi ne Sarki Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa, kuma tarihinsa za mu duba a filinmu na yau.

An haifi Muhammadu Dikko wajen shekarar 1865. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina Gidado, daga Fulani Sulluɓawa. Watau ba ɗan gidan da ke sarautar Katsina ba ne a lokacin, don tun jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sarauta tana hannun Dallazawa, zuriyar Malam Ummarun Dallaje. Ya tashi cikin zamanin doki da mashi, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ƙasar Katsina, manomi bai san ko zai girbe abin da ya shuka ba. Daga baya shi ma aka naɗa shi Durɓi, sarautar gidansu.

Yana Durɓi Turawa suka iso. A 1903 suka ci Kano, suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, suka bi shi suka kashe shi a Burmi tare da jama'a masu yawa. Katsina ba ta yi yaƙi ba. Sarki Abubakar ya karɓi Gwamna Lugga, aka shaida wa mutane cewa daga yau ƙasa tana ƙarƙashin Sarkin Ingila. Sarkin nan shi ne Edward na Bakwai, ɗan Sarauniya Victoria, wadda ta mutu a 1901. Ku lura da wannan, ku 'yan makaranta, don da yawa suna zaton a zamanin Victoria aka ci Arewa.

Zama bai yi daɗi tsakanin Sarki Abubakar da baƙin ba. Suka tuɓe shi a 1904, suka naɗa Malam Yero, shi ma ba su daidaita ba suka tuɓe shi a 1906. A cikin wannan ruɗani Durɓi Dikko ne mutumin da ke cika wa Turawa abin da suka nema, ko abinci ne ko ma'aikata. Razdan Palmer ya lura da shi, ya tsaya masa, a ƙarshen 1906 aka ba shi sarautar Katsina. Nan sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa, inda take har yau.

Kada mu rufa wa kanmu ido a kan wannan. Sandar da Dikko ya riƙe Bature ne ya miƙa masa, kuma ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila kafin ya karɓe ta, kamar yadda aka sa sauran sarakuna suka yi. Akwai Katsinawan da ba su yafe wannan ba har suka koma ga Allah. Akwai kuma waɗanda suka ce ai wanda ya ga abin da ya faru a Burmi, ya kuma ga yadda aka share garin Satiru a wannan shekara ta 1906, ya san cewa taurin kai ba zai fid da kowa ba. Ni dai a ganina mutumin ya auna ƙarfin abokin karawarsa ne, ya ga ba a ja da shi, ya zaɓi ya shiga cikin gidan ya ga abin da zai iya fitarwa. Ko ya fitar da abin da ya kai kuɗin da aka biya, wannan shi ne abin dubawa.

Aikin farko da aka san shi da shi shi ne Baitulmali. A Katsina aka fara wannan tsari kafin sauran ƙasashen Arewa su ɗauka: haraji da jangali su shiga wuri guda, a rubuta, a ba Gwamnati kasonta, saura En'e ta riƙe ta biya Sarki da hakimai da alƙalai albashi, ta yi ayyuka. A zamanin ne kuma aka fitar da hakimai daga birni, aka ce kowa ya je ya zauna cikin talakawansa. Shi ya sa muka tashi muka ga Galadiman Katsina a Malumfashi, Sarkin Maska kuma a Funtuwa.

A 1921 ya yi abin da ya ba duniyar wancan zamani mamaki. Ya nemi izni zai tafi aikin Hajji yana kan gadon sarauta. A lokacin mahajjaci da ƙafa yake tafiya ta Barno da Sudan, ya shekara biyu ko biyar, wani ma ba ya dawowa. Dikko sai ya gangara Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, ɗansa Usman Nagogo yana cikin 'yan rakiya. A Landan Sarki George na Biyar ya karɓe shi a fadarsa, ya ba shi lambar girma. Daga nan ya wuce Jidda, ya sauke farali, ya komo gida. Ya sake zuwa Ingila a 1924, shekarar da aka yi babban baje kolin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila a Wembley, ya kuma koma a 1933, shekarar da ya sake yin Hajji.

Ku dubi yadda ya tsara tafiyar nan ta farko. Makka ce maƙasudi, Landan zango ce a hanya. Turawa sun yi murna suna nuna shi a jaridunsu, ga Sarki baƙi da rawani da alkyabba ya zo gaida Sarkinsu. Shi kuwa, in muka duba abin da ya aikata bayan ya dawo, ido ya je buɗewa. An zaga da shi masaƙu da gonaki da wuraren kiwo da filayen sukuwa, ya duba kamar mai shirin saye. Wani abu kuma: Sarkin da ya gaisa da Sarkin Ingila hannu da hannu, ƙaramin Di'o ba zai ɗaga masa murya yadda ya ga dama ba. Wannan riba ce babba a zamanin da Razdan zai iya tuɓe Sarki da takarda guda, kuma Dikko ya ga an yi haka sau biyu da idonsa.

Dawaki kam kowa ya san ƙaunarsa gare su. Shi ya ɗaure wa wasan folo gindi a Katsina, har Nagogo ya zama gwanin da ake ba da labarinsa. Wannan na maza ne, mu wuce.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ilmi. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mai da ita Kaduna, daga can Zariya, ta zama Barewa. Wajen 1930 kuma aka fara makarantar 'yan mata a Katsina da Kano. A lokacin ko ɗa namiji iyaye ɓoye shi suke yi cikin rumbu in an zo ɗiban 'yan boko, balle 'ya mace. Dikko bai tsaya yi wa talakawa wa'azi ba, da 'yan matan gidan sarauta da na manyan fada aka fara. Karatun ba mai zurfi ba ne: karatu da rubutu, ɗan lissafi, ɗinki, tsabta da renon jariri. Turawan ma ba su yi nufin fitar da likita ko alƙaliya ba, matan aure na gari suke son su horar wa ma'aikatan En'e. Amma ƙofa ce aka buɗe, kuma da yake daga gidan Sarki aka buɗe ta, babu mai cewa abin kunya ne. Sai bayan shekara ashirin da wani abu, a 1956, aka sami sakandaren Gwamnati ta 'yan mata a Jihar Arewa, a Ilori, aka sa mata sunan Sarauniya Elizabeth. Duk wadda ta riƙe alli a cikinmu, ko take ɗaure da ɗankwalin makaranta yanzu, tana da alaƙa da wancan ɗan aji na Katsina.

To amma wa ya biya? Nan ne ya kamata mu mutanen kudancin Katsina mu buɗe kunne. Kuɗin Baitulmali daga gumin manomi yake, kuma ƙasarmu ce rumbun. Haraji da kuɗin Bature ake biya, ba da wuri ko dawa ba, saboda haka dole mai gida ya shuka abin da Bature zai saya. Kamfanin BCGA ya kawo sabon irin auduga, ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Audugarmu ta hau jirgi ta tafi masaƙun Ingila, ta komo mana a matsayin akoko da atamfa, mu saya da tsada.

Ku tambayi kakanninku abin da kaɗi yake ga mace a da. Da mazari da taskira da ɗan alli mace take sayen kwanon jeren 'yarta, ta yi biki, ta yi adashi, ba ta roƙi miji ba. Zare da abawa su ne bankinta. Da yadin kanti ya cika kasuwa, masaƙa suka ragu, mai sayen zare ya ragu, wannan sana'a ta yi ta ja da baya har ta zama sai 'yan tsofaffi. Ba Dikko ya ƙirƙiro wannan ciniki ba, kuma ba shi da ikon hana shi. Amma dagatansa da hakimansa su ne ke bi gida gida suna karɓar harajin da ya tura mutane cikinsa. Talaka bai taɓa ganin Sarkin Ingila ba sai a jikin sulai. Dogari yake gani. Wannan ita ce dabarar mulkin Turawa, su tsaya daga nesa da farin suna, baƙin jini ya faɗa kan na gida. Ina jin shi ya sa har yau wasu tsofaffinmu ke yabon Sarauniya suna kuka da En'e, alhali igiya ɗaya ce.

Dikko ya zauna da sarakunan Ingila huɗu. Ya fara da Edward na Bakwai, ya ga George na Biyar, ya ga Edward na Takwas, wanda ya zo Kano a 1925 yana Yarima aka yi masa hawan daba, ya kuma ajiye sarauta a 1936 saboda matar da ya nace zai aura. Sa'an nan George na Shida, mahaifin Elizabeth. A zamaninsa Katsina ta fita daga ƙarƙashin Lardin Zariya ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. Ƙarshen rayuwarsa ya faɗo cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ɗebi samarin Arewa zuwa Bama su yi wa Sarkin Ingila yaƙi, aka kuma tilasta wa dubban talakawa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Ya rasu a 1944, bayan shekara talatin da bakwai da ɗoriya a kan mulki.

Ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, ya ci gaba da zumuncin. A zamaninsa Sarauniya Elizabeth ta zo Nijeriya a 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, daga baya aka ba shi lambar Sir. Sai dai duniya ta riga ta juya. Aka sami mulkin kai a 1960, a 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, Sarauniya ta daina zama shugabar ƙasarmu. Da aka kawo naira da kwabo a 1973, kanta ma ya ɓace daga aljihunmu. Abin da ya rage tsakaninmu da gidan shi ne ƙungiyar Commonwealth, wadda taronta ya sake kawo ta Abuja a 2003, da ziyarar girmamawa irin wadda ɗanta Charles ya yi a 2018 ya gana da sarakunanmu tun bai hau gado ba.

Wani abin lura shi ne yadda gidajen biyu suka koma kama da juna. Sarki Charles ba ya yanka haraji, ba ya kafa doka, Firayim Minista da majalisa ke mulki, kuma a Ingila kanta akwai masu cewa a daina ciyar da gidan da kuɗin jama'a, akwai masu cewa shi ne ke haɗa kan ƙasa. Nan gida ma an karɓe kotuna da 'yan doka da gidan yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Duk da haka in rigima ta tashi a ƙauye, ko za a yi rigakafi iyaye mata suna ɗari-ɗari, wurin mai gari da hakimi ake komawa.

Bayan Nagogo, wanda ya rasu a 1981, ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya yi sarauta har 2008, sa'an nan Abdulmumini Kabir Usman ya gaje shi. Gidan Dikko ke nan, sarki na huɗu a jere, shekara ɗari da goma sha wani abu tun ranar da Razdan Palmer ya kai sunan Durɓi gaban Gwamna.