Dwight L. Moody: Mai Bisharar da Ya Yi Wa'azi da Labarin Rayuwarsa

An haifi Dwight Lyman Moody ranar 5 ga Fabrairu, 1837, a Northfield, jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu da bashi a kansa. Masu bin bashi suka kwashe kayan gidan, har da itacen wuta. Wata ɗaya bayan rasuwar, mahaifiyarsa Betsey ta haifi tagwaye, yara suka zama tara a hannun gwauruwa. Saboda haka Moody bai yi nisa a karatu ba.

Yana da shekara 17 ya tafi Boston ya kama aiki a shagon takalma na kawunsa. A cikin shagon nan ne malaminsa na Makarantar Lahadi, Edward Kimball, ya same shi a 1855, ya yi masa maganar ƙaunar Kristi, ya kuwa ba da gaskiya. Da ya nemi zama ɗan ikkilisiya, dattawa suka ga saninsa na Littafi Mai Tsarki ya yi kaɗan, suka dakatar da shi sai shekarar da ta biyo. A 1856 ya koma Shikago, inda ya riƙa tara yaran talakawa yana koya musu Maganar Allah. A nan ya gane cewa yaron titi ba ya zama don dogon bayani, amma da an fara labari sai ya kasa kunne.

Ba a taɓa naɗa Moody fasto ba, Turancinsa ma masu ilimi suna kushe shi. Duk da haka, daga 1873 zuwa 1875 shi da mawaƙi Ira Sankey sun zaga Birtaniya, dubban mutane suna cika manyan zauruka. Abin da ya jawo su shi ne yana magana kamar maƙwabci, yana kuma buɗe musu rayuwarsa.

In zai yi wa'azi a kan ɗan nan da ya ɓata a Luka sura 15, yakan ba da labarin babban wansa, wanda ya gudu daga gida bayan rasuwar mahaifinsu. Yakan faɗi yadda mahaifiyarsu take aikensu gidan waya ko da wasiƙa, su dawo hannu wofi, da yadda yake jin ta da dare tana kuka tana yi wa yaron addu'a. Bayan shekaru da yawa wani baƙo mai gemu ya tsaya a ƙofa. Ba ta gane shi ba sai da ta ga hawaye na zuba. Ya ƙi shiga sai ta gafarta masa, ita kuwa ta ruga ta rungume shi. Daga nan Moody yakan juya ya nuna cewa haka Allah yake jiran mai zunubi.

Bai ɓoye kuskurensa ba. Daren 8 ga Oktoba, 1871, ya yi wa babban taro wa'azi a Shikago, ya ba su mako guda su yi tunanin abin da za su yi da Yesu. A daren nan babbar gobara ta tashi, ta cinye zauren taron da majami'arsa da gidansa. Taron nan bai sāke haɗuwa ba. Har tsufansa yana ba da wannan labari da nadama, yana roƙon masu ji kada su ɗaga tuba zuwa gobe.

Ya kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Shikago a 1886, wadda yau take ɗauke da sunansa. Ya rasu a Northfield ranar 22 ga Disamba, 1899.

'Yan'uwa masu wa'azi da malaman Makarantar Lahadi, mu lura da irin labaran da ya zaɓa: maraici, talauci, hawayen uwa, da laifin kansa. Babu wanda ya fito da shi a matsayin gwarzo. Mai sauraro yakan ga kansa a ciki, ya saki jiki, Kalmar ta sami hanya. Idan jama'a suka tashi suna yabon mai wa'azi, labarin ya ɓata hanya. Kafin ka kawo labarinka a kan bagade, ka tabbata gaskiya ne, bai tona asirin kowa ba, kuma ƙarshensa wurin Kristi yake kaiwa.