Dakta Subhash Mukherjee: Likitan Da Ƙasarsa Ta Ƙaryata

Duk inda aka zo maganar jariran kwalba, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje sannan a dasa a mahaifa, sunayen da ake ambata su ne Patrick Steptoe da Robert Edwards na Ingila, waɗanda ta hannunsu aka haifi Louise Brown ranar 25 ga Yulin 1978. Ba kowa ya san cewa bayan kwana 70 kacal, ranar 3 ga Oktoba, an haifi wata jaririya ta wannan hanya a birnin Kalkata na Indiya ba. An yi mata laƙabi da Durga, kuma likitan da ya yi aikin shi ne Dakta Subhash Mukherjee.

An haifi Mukherjee a garin Hazaribagh a 1931. Ya karanta likitanci a Kalkata, ya kuma samu digirin digirgir a Jami'ar Edinbara a 1967 kan sinadaran jiki masu sarrafa haihuwa. Da ya koma gida sai ya duƙufa kan matsalar matan da hanyar ƙwansu ta toshe, tare da abokan aiki biyu da 'yan kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba.

Abin lura shi ne, hanyarsa ta sha bamban da ta Turawan. Su ƙwai ɗaya suka ɗauko wajen samar da Louise, ta hanyar huda ciki. Shi kuwa sai ya ba matar maganin da zai sa ta saki ƙwai da yawa, ya ɗebo su ta al'aura, ya daskarar da waɗanda suka haɗu, sannan ya narkar ya dasa a wani watan. A yau kusan duk asibitocin haihuwa a kan wannan tafarki suke.

To amma me ya biyo baya? A watan Nuwamban 1978 gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta kafa kwamiti, wanda babu ƙwararre a wannan fanni cikinsa, ya yanke hukuncin cewa aikin ƙarya ne. Gaskiya ne Mukherjee bai wallafa cikakken bayanin aikinsa ba, iyayen yarinyar kuma ba su so a tallata su. Sai dai wannan dalili ne na zurfafa bincike, ba na tozarta mutum ba. An hana shi zuwa Japan inda aka gayyace shi ya yi bayani, aka dinga yi masa canjin wurin aiki, har aka jefa shi cibiyar kula da ido, inda iliminsa ba shi da amfani. Ranar 19 ga Yunin 1981 ya kashe kansa, yana da shekara 50.

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, gaskiya kuwa dokin ƙarfe. A 1986 Dakta T.C. Anand Kumar ya jagoranci haihuwar wata jaririyar kwalba a Bombai, aka ba shi kambun na farko a Indiya. Amma a 1997 ya samu littattafan da Mukherjee ke rubuta gwaje-gwajensa a ciki, ya yi musu nazari, sannan ya fito fili ya shaida cewa marigayin ya riga shi da shekara 8. Da kansa ya sauke kambun ya miƙa wa mai shi.

Edwards ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 2010. Mukherjee kuwa, ko damar kare kansa a gaban masana irinsa bai samu ba. Mai karatu da ke zama a kwamiti, ko yake sa hannu a takardar canjin wurin aiki, ya kamata ya tuna cewa kujera ba ta maye gurbin sani. Wanda aka ɗora wa hukunci kan abin da bai ƙware a kai ba, mutuncinsa shi ne ya nemo wanda ya sani.