Andrew Stirrett: Attajirin da ya sayar da shagunansa ya zama Bature Mai Magani

A tarihin Kiristanci a Arewacin Najeriya, ba kasafai ake samun mutumin da rayuwarsa ta yi daidai da wa'azinsa kamar ta Dokta Andrew Park Stirrett ba. Hausawan zamaninsa ba su wahalar da harshensu wajen kiran sunansa na yanka ba. Sun laƙaba masa Bature Mai Magani, kuma da wannan suna aka san shi har ya koma ga Mahaliccinsa a shekarar 1948.

An haifi Stirrett a shekarar 1865 a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe shaguna a birnin Toronto, kasuwa ta yi masa albarka har ya mallaki kadarori. A lokacin da ya haura shekara talatin da biyar ya riga ya kai matsayin da kowane ɗan kasuwa ke fata: jari ya zauna, suna ya kafu.

Abin da ya sauya masa alƙibla shi ne wata 'yar ƙasida da Rowland Bingham ya rubuta game da ƙasar Sudan, wato sunan da ake kiran faɗin ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamadar Sahara, ciki har da ƙasar Hausa. Bingham na ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga cikin ƙasa. Abokan tafiyarsa, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894, na farko a Girku, na biyu a Bida. Yunƙuri na biyu a 1900 shi ma ya ci tura saboda ciwo. Wannan ƙungiya, wadda daga baya ta shahara da sunan SIM, ita Stirrett ya nemi shiga, alhali ba ta da wani abin nunawa sai kaburbura.

Shugabannin ƙungiyar sun yi jinkirin karɓarsa, domin yana da shekara 37, kuma a ganinsu ƙasar da ta kashe matasa ba za ta bar mai irin shekarunsa ba. Stirrett bai jira hukuncinsu ba. Ya sayar da shagunansa, ya miƙa dukiyarsa ga aikin, ya kama hanyar Ingila, daga nan ya iso Najeriya a 1902 ya sauka a Patigi da ke bakin kogin Neja, inda ƙungiyar ta kafa tasharta ta farko. A cikin Linjila akwai labarin wani saurayi mai arziki da Almasihu ya umarta ya rabu da dukiyarsa domin matalauta, amma ya kasa. Stirrett ya ɗauki wannan umarni kamar da shi ake.

Gudummawarsa ta farko ta fito ne daga sana'arsa. Zazzaɓin cizon sauro shi ne ke karya duk wani yunƙuri na baƙi a wannan yanki, sai ya dage cewa kowane ma'aikaci ya riƙa shan ƙwayar kwinin kullum, ba sai ciwo ya kama shi ba. Wannan tsari ya rage mace-mace, ya sa aikin da ya faɗi sau biyu ya tsaya da ƙafafunsa. Ga mutanen gari kuwa, ƙofarsa a buɗe take ga mai gyambo da mai zazzaɓi da mai ciwon ido.

Zuciyarsa tana wajen Hausawa, amma hanya a toshe take. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnati ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Da Stirrett ya ga ba zai iya zuwa garuruwan Hausawa ba, sai ya tare su a hanya. Yakan je zangon fatake bayan an sauke kaya, ya duba marasa lafiya, ya yi wa'azi da Hausa. Bayan da hedkwatar ƙungiyar ta koma Jos, kasuwar garin ta zama wurin tsayuwarsa na yau da kullum har tsufa ya cim masa. Ya yi aiki a kwamitin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da Dokta Walter Miller na Zariya, aikin da ya fito a 1932, ya kuma tsara waƙoƙin yabo da Hausa.

Ƙofar da ya daɗe yana jira ta buɗe a shekarun 1930, kuma ta hanyar jinya ta buɗe. Hukumomin En'e da gwamnati sun damƙa wa SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A wancan lokaci Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda yau suke cikin Jihar Zamfara, suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato ne, don haka Amanawa, da ke kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ita ce sansanin lardinsu. Maganin da ake da shi a lokacin allurar man wani itace ne na ƙasar Indiya, mai zafi kuma mai jinkirin aiki, saboda haka yawancin hidimar wankin miki ne da ciyarwa da zama da mutanen da dangi suka guje wa. Wasu ne suka jagoranci waɗannan sansanoni, amma a kan harsashin da su Stirrett suka kafa aka ɗora su.

Masana tarihi sun yi muhawara a kan wannan aiki, kuma muhawarar tana da tushe. Magani da wa'azi tare suke tafiya a wurin 'yan mishan, abin da ya sa sarakuna da malamai suka riƙa sa musu ido, musamman kan yaran da ke zaune a sansanonin. Stirrett bai taɓa ɓoye cewa burinsa shi ne Hausawa su karɓi addininsa ba. Sai dai mafi yawan fataken da suka saurare shi sun ci gaba da riƙe Musuluncinsu, shi kuma ya ci gaba da zuwa wurinsu shekara da shekaru. Da riba yake nema, da tuni ya tattara ya koma Toronto. A nan ne rayuwarsa ta dace da koyarwar Wasiƙar Yaƙub, wadda ta ɗaure gaskiyar bangaskiya da aikin da ake gani, musamman taimakon mabukata. Musulmi ma ya san wannan ma'auni, domin ikhlasi shi ne yin aiki don Allah ba don yabon mutane ba.

Stirrett bai yi aure ba, bai sake tara dukiya ba. Ya rasu a Jos a watan Yulin 1948, bayan kusan shekara 46 a Najeriya. Shekara shida bayan rasuwarsa, a 1954, majami'un da suka tsiro daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA a hannun 'yan ƙasa, kuma har gobe da Hausa ake sujada a da yawa daga cikinsu. Asibitin Amanawa ma yana nan yana karɓar marasa lafiya.