Likita Harol Gilis, Mai Gyaran Hancin Sojoji

Ya kai ɗalibi, taɓa hancinka ka ji. Da shi kake numfashi, kuma shi ne ƙawar fuskarka. To, yau ga tarihin wani likita da ya mayar wa waɗanda suka rasa nasu.

An haifi Harol Gilis a ƙasar Niyu Zilan a 1882, ya yi karatun likita a Ingila. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ga samarin da harsashi ya ɗebe wa hanci, har suna jin kunyar komawa gida. A 1917 aka buɗe asibiti a garin Sidkof, kusa da Landan, inda shi da abokan aikinsa suka yi wa sojoji fiye da 5,000 tiyata.

Ka san da me yake gina hancin? Ya lura jiki ba ya son baƙon abu, sai ya riƙa yanko guringuntsi daga haƙarƙarin majiyyacin, ya rufe da fatar goshinsa.

Saura matsalar sa barci. Da can a kan fuska ake ɗora abin shaƙar maganin, ga shi nan ne wurin aikin! Sai wani likitan asibitin, Iban Magil, ya riƙa zura bututun roba cikin maƙogwaro, maganin ya bi ta nan. Har yau haka ake yi.

Gilis ya rasu a 1960. Kai kuma in ka ga mai tabo a fuska, kada ka yi masa dariya.