Gary Gygax: Mutumin da masoya wasansa suka shekara 30 suna jiran fadarsa

A ranar 4 ga Maris 2008 Gary Gygax ya rasu a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin da ke Amurka yana da shekara 69. Ya bar wasan Dungeons & Dragons da miliyoyin mutane ke bugawa, ya kuma bar alkawarin da bai cika ba.

An haife shi a Chicago a 1938. Bai kammala sakandare ba, kuma ya daɗe yana aiki a kamfanin inshora. Da aikin ya kuɓuce masa a 1970, sai ya koma gyaran takalma a gida don ciyar da iyalinsa.

Tun kafin nan zuciyarsa na kan wasannin yaƙi da ake bugawa a kan tebur da 'yan gumakan sojoji. A 1972 wani matashi mai suna Dave Arneson ya nuna masa sabon salo, inda kowane ɗan wasa ke riƙe da jarumi ɗaya tak maimakon runduna. Su biyun suka tsara dokoki, kamfanin TSR da Gygax ya kafa tare da abokinsa Don Kaye ya buga kwafi 1,000 a 1974.

Wasan na tafiya ne kamar tatsuniyar da masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. Jagora ɗaya zai bayyana wurin da haɗarin da ke ciki, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo ta yanke hukunci. Labari ɗaya kan ɗauki watanni ko shekaru.

Gygax ya fara gwajin da 'ya'yansa, a wata fada da ya ƙirƙira mai suna Greyhawk, wadda ke da hawa 13 a ƙarƙashin ƙasa. 'Yan wasa suka yi yawa har ya ɗauki Rob Kuntz ya taya shi jagoranci. Labarin fadar ya bazu, masoya suka fara neman a buga ta littafi.

Sai dai a 1985 rikicin hannun jari ya raba shi da TSR, haƙƙin mallakar Greyhawk ya zauna a hannun kamfanin. A 1988 kamfanin ya fitar da littafi da sunan fadar, amma barkwanci ne aka cika shi da shi, lamarin da ya ɓata wa masoya da dama rai.

Akwai wata matsalar kuma. Abin da ya rubuta game da fadar taƙaitattun bayanai ne, domin yawancin abin da ya burge mutane a kan tebur yake ƙirƙirarsa, gwargwadon abin da 'yan wasa suka zaɓa. Mayar da wannan littafi babban aiki ne.

Ya sake ɗaukar aikin da sunan Castle Zagyg, kashin farko ya fito a 2005, lokacin da bugun jini ya riga ya raunana shi. Wani kashin ya biyo baya a 2008 bayan rasuwarsa, amma yawancin hawayen ƙasa da aka fi ɗoki ba su fito a cikinsa ba. Waɗanda suka zauna a teburinsa ne kaɗai suka shiga fadar yadda ya gina ta.